Kwale-kwalen da Ba a Tsallakewa

A shekarar da aka yi wasannin Olamfik a ƙasar Sin, ina riƙe da wani sito a bayan Sanyuanli, a Guangzhou. Aikina kago ne, wato tura kaya. 'Yan kasuwarmu na Kano su sayo kaya a Guangyuan su tara a wurina, ni kuma in nemo kwantena in loda in tura Legas. Siton dogo ne siriri, da can rodi ake ajiyewa a ciki. A shekarar kasuwa ta yi sanyi ƙwarai. An tsaurara biza, ana tare mutane a Xiaobei ana tambayar fasfo, yawancin mutanenmu sun koma gida suna jiran a gama wasannin. Rabin siton wayam yake, ni kuma a lokacin haushin kowa nake ji, har da mai kawo mana shinkafa daga Dengfeng.

Ana cikin haka wata safiya mai siton, wani Basine da muke kira Lawban, ya shigo da wani dattijo ƙato, mai faɗin ƙirji da furfura, sanye da gajeren wando da silifa. Fatarsa ta fi ta Sinawa duhu. Na ɗauka ɗan Indonesiya ne, har na yi masa sallama. Ya yi murmushi ya ce da Turanci shi daga Hawai yake, wasu tsibirai can tsakiyar teku. Na tambaye shi sunansa, ya faɗa, na kasa maimaitawa. Sai ya ce kada in wahalar da kaina, a garinsu duk wanda ya manyanta kawu ake ce masa. Daga ranar Kawu nake kiransa.

Abin da ya kawo shi kwale-kwale ne. Wani kamfani a Foshan ya ƙera masa, an gama, kamfanin ya ce ya zo ya kwashe kayansa suna buƙatar wuri. Matsalar ita ce tsawonsa ƙafa arba'in da huɗu ne, kwantenar da muka saba da ita kuwa ƙafa arba'in ce. Akwai mai arba'in da biyar, amma samunta sai an sha wuya, duk inda Lawban ya buga waya sai a ce masa meyo, wato babu. Da ƙyar aka yi alkawarin guda ɗaya, kuma jirgin da za ta bi shi ne na ƙarshe da zai isa Hawai kafin wani tseren kwale-kwale da suke yi a ƙarshen damina. In ya rasa wannan jirgin, shi ke nan sai baɗi. Kafin kwantenar ta zo, wurin ajiya yake nema, kuma a duk layin ba siton da zai ɗauki abin sai nawa.

Na yarda. Da aka kawo shi a doguwar mota, sai da makwabta suka fito kallo. Ni ban taɓa ganin irinsa ba. Siriri ne, faɗinsa daidai zaman mutum ɗaya, kujeru shida a jere, fari tas da jan layi a gefe. Akwai kuma wani siririn abu mai kama da gungume da ake ɗaura masa a gefen hagu da sanduna biyu, don kada ya kife. Wannan daban aka kawo shi, mu muka sa masa suna ɗan rakiya. Da irin robar nan mai tauri aka yi shi, wadda ake yin tankin ruwa. Kawu ya ce kakanninsa daga itace guda suke sassaƙawa, har yanzu akwai irinsu a gida, amma lallaɓa su ake yi.

Muka shimfiɗa katifu da kwalaye muka kwantar da shi a tsakiyar siton, gindinsa ya tokare bangon ƙurya, hancinsa ya kusa taɓa ƙofa. Ya raba mini sito gida biyu. Diloli na gefen dama, famfo da wurin sallarmu na gefen hagu. Duk mai son ya je ɗaya gefen sai ya zagayo ta bakin ƙofa.

Tun ranar farko Kawu ya kafa mini dokoki a cikin sitona. Ba a zama a kansa. Ba a ɗora masa kaya. Ba a zagi ko faɗa a kusa da shi. Sannan babbar cikinsu, ba a tsallake shi, ko da wasa. Na ce to, a raina kuwa na ce wannan tsoho ya samu wuri. Ni mutum ne mai saurin hawa, rabin aikina a waya nake yi da ihu. Rannan ina cikin wanke wani direba tas, sai na ji an dafa kafaɗata. Kawu ne, yana nuna mini ƙofa da ladabi. Haka na fita rana na ƙarasa masifata a waje, ni da nake biyan haya.

Kullum yana zuwa da safe, ya goge kwale-kwalen da tsumma duk da ba abin da ya taɓa shi, ya jawo kwali ya zauna a gefensa. Da yake ni ma ba aikin kirki nake yi ba, hira ta fara shiga tsakaninmu. Ni ɗan Fagge ne, ruwan da na sani bai wuce na Tiga ba, shi ma daga bakin gaɓa. Shi ya bayyana mini yadda tseren yake. Daga wani tsibiri ake tashi zuwa wani, a ratsa buɗaɗɗiyar teku, tun safe har rana ta karkata, igiyar ruwa wani lokaci ta fi tsayin wannan siton. Mutum shida ne a ciki, amma ba su kaɗai ba ne, akwai 'yan canji a wani jirgi mai inji da ke biye da su. In lokacin canji ya yi, 'yan canjin sai su faɗa cikin teku can gaba su jera, kawunansu kawai ake gani. Kwale-kwalen ba ya tsayawa. Yana isowa waɗanda suka gaji su dirga ta wannan gefe, sababbin su kama su haye ta ɗaya gefen, filafili bai daina aiki ba.

Na ce, "Kawu, da hankalinku kuke faɗawa tsakiyar teku?"

Ya yi dariya ya ce da hankalinsu. Ya ce duk abin yana hannun na kujerar ƙarshe, mai riƙe da akala. Shi ne zai kawo kwale-kwalen daidai gefen kawunan nan, ba a kansu ba, ba kuma nesa da su ba. Shi yawanci ba a canza shi, tun tashi har isa. Ya ce shekaru da yawa shi ne a wannan kujera, har kafaɗarsa ta gaza. Ya ɗaga hannun dama ya nuna mini, ba ya wuce kunnensa. Yanzu 'yarsa ce za ta zauna a wurin, a tseren mata, kuma wannan ne karonta na farko. Tsohon kwale-kwalen ƙungiyarsu ya fashe a kan duwatsu, shi ya sa ya taso takanas ya zo ya tsaya a kan wannan da kansa.

Ana gobe kwantena za ta zo, Alhaji ya iso. Alhaji aminin mahaifina ne, babban ɗan kasuwar yadi a Kwari, yana cikin 'yan kaɗan da suka samu biza a wannan shekarar. Mutum ne mai jiki, mai tsafta, ban taɓa ganinsa ba cikin farar shadda mai sitaci ba, ko a zafin Guangzhou da ke sa mutum ya jiƙe kafin ya kai bakin titi. Ba ya jin Turanci, da kalkuleta yake ciniki. Ya shigo duba dilolinsa a gefen dama, ni kuma ina waje ina amsa waya, ban samu na gaya masa dokokin ba. Ya gama dubawa, azahar ta yi, ya hango famfo a ɗaya gefen. Sai kawai ya tattare riga ya ɗaga ƙafa ya tsallake.

Ihun da Kawu ya yi har waje na ji shi. Na shigo da gudu na tarar da shi tsaye, Alhaji kuma riƙe da buta yana zare ido.

"Kai ɗan nan, me na yi wa bawan Allahn nan?"

Na ce, "Alhaji, abin nan ba a tsallake shi. A wurinsu kamar mutum yake, kamar wani babba a gida."

"Subhanallahi! Ai ban sani ba. To ba komai, bari in warware."

Kafin in buɗe baki ya ajiye buta, ya sake tattare riga, ya tsallako da baya zuwa inda ya fito. Ya dubi Kawu yana murmushi, ya buɗe hannuwa, alamar ga shi nan an gyara.

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san abin da Alhaji ya yi. In ka tsallake yaro yana kwance, tsofaffi za su ce ka hana shi tsawo, maza ka dawo ka warware. Ko wanda bai yarda da camfin ba yakan dawo ɗin, don a zauna lafiya. Alhaji iyakar ladabin da ya sani ya yi. A idon Kawu kuwa, an gaya wa mutum ba a yi, ya dube shi ya sake yi, har da murmushi.

Kawu bai ƙara ihu ba. Ya koma kan kwalinsa ya zauna ya yi tagumi. Na yi ta ƙoƙarin bayyana masa maganar yaro da tsawo, Turancina ya watse, ni kaina da na ji abin da nake faɗa na san bai shiga ba. Can ya ce, a hankali, bai sani ba ko zai tura wannan kwale-kwalen. Wataƙila ya bar shi.

Nan raina ya ɓaci. Na sha wahala kafin a samu kwantenar nan, na yi wa mutane magiya, na zagaya sitona kamar baƙo. Na ce masa roba ce fa, a Foshan aka zuba ta, ma'aikatan kamfanin wa ya san sau nawa suka tsallake ta suna cin taliya a kai. Ban kyauta ba, amma na faɗa, kuma a kusa da kwale-kwalen na faɗa da ƙarfi. Ya ɗago ya dube ni ya ce a kamfani ba nasu ba ne tukuna, ranar da ya karɓe shi ya kira shi da suna ya zama nasu. Sannan ya ce, "Ba ni zan shiga ba. Da ni ne, da sauƙi. 'Yata zan ɗora a kai in tura ta inda ba na iya bin ta."

Alhaji ya matsa sai na fassara masa komai, na fassara, har da maganar faɗawa teku da kujerar ƙarshe. Shi 'ya'yansa mata ne duka sai autansa, kuma kowa a Kwari ya san in ɗaya za ta je ko Zariya ce sai ya bi motar da waya har ta sauka.

Ya ce, "Ashe tsoro yake ji. Ni na ɗauka faɗa ne." Ya gyara hula. "Gaya masa ni ba zan roƙi kwale-kwale gafara ba, wannan ba addinina ba ne. Amma shi na ɓata masa, shi nake ba haƙuri. Ka faɗa masa yadda na faɗa, kada ka ƙara gishiri."

Na faɗa yadda ya faɗa. Kawu ya gyaɗa kai, ya miƙa masa hannu suka gaisa, amma bai ce zai tura ba, bai ce ba zai tura ba. Haka muka rabu ranar.

Washegari Kawu ya riga ni zuwa. Ya roƙi bokiti, ya tara ruwa a famfo, ya fito da wani jan gishiri da ya zo da shi daga gida a ɗan ƙulli, ya zuba. Ya bi kwale-kwalen daga hanci har gindi yana yayyafa masa ruwan, yana rera wani abu ƙasa-ƙasa da yarensu. Ni da Alhaji muka tsaya bakin ƙofa, ba mu sa hannu ba. Da ya gama ya ce a loda. Amma fuskarsa ba ta saki ba, na ga alama lokaci ne ya tilasta masa, ba zuciyarsa ce ta kwanta ba.

Motar ta zo a makare, kamar yadda suka saba. Direban tun bai kashe inji ba yake nuna agogo, yana cewa in ba mu tashi da wuri ba za a rufe karɓar kaya a tashar jirgin ruwa kafin ya isa. An riga an kafa wasu ƙafafun katako a tsakiyar kwantenar, masu tsayin gwiwa, da soso a kansu. 'Yan lodi Sinawa suka kama, ni na kama, sai ga Alhaji ya naɗe hannun riga ya kama ta wajen hanci. Na ce ya bari, ya harare ni. Shi ya shige gaba har ƙuryar kwantenar. Kawu ya ba shi wani soso ya nuna masa ya danne shi tsakanin hancin da bangon ƙarfe, kada ya goge kafin a ɗaure. Alhaji ya tsaya a gefen hagu ya danne da hannu biyu.

Daga nan aiki ya kacame. Direba na ihu, 'yan lodi na gudu, ni ma ina nawa ihun daga waje. Aka ɗaure kwale-kwalen, aka shigo da ɗan rakiya da sandunansa da akwatunan filafilai da sauran tarkacen da Kawu ya saya wa ƙungiyarsu, duk aka jera su a gefen hagu tun daga tsakiya har bakin ƙofa, aka tamke da igiya. Gefen dama aka bari da 'yar hanya. Sai da aka zo rufe ƙofa muka ji murya daga can ciki.

"Kai ɗan nan! Ni kuma ta ina zan fita?"

Mun manta da Alhaji. Yana can ƙurya a gefen hagu, kaya sun toshe gabansa, hancin kwale-kwalen ya tokare bango babu wurin zagayawa. Hanya ɗaya ce, gefen dama, kuma kwale-kwalen na tsakaninsa da ita. In za a kwance kayan a sake ɗaurewa, motar ba za ta kai a kan lokaci ba. 'Yan lodi suka haska masa tocila suna nuna masa ya taka akwati ya haura, abin da bai fi ƙiftawar ido ba. Cikin kwantenar kuwa zafi kamar gidan burodi, ina hango shi gumi na zuba daga gemunsa.

Na juya na dubi Kawu. Ya daɗe yana kallon cikin kwantenar. Sannan ya ce da ni, "Gaya masa ya tsallako. Dattijo ne, zafin nan zai illata shi. Ni na ce ya tsallako."

Na ɗaga murya na ce, "Alhaji, ya ce ka tsallako, shi ya yarda!"

Alhaji ya ce, "Shi ya yarda, uwar yarinyar ta yarda? Riƙe mini hular nan."

Ya wurgo hular ta sama na cafe. Ya tattare shaddarsa ya cusa a wando, ya durƙusa da ƙyar yana nishi, ya kwanta rub da ciki a kan dattin kwantenar. Tsakanin cikin kwale-kwalen da ƙasa ratar ba ta da yawa, Alhaji kuma ba ƙaramin mutum ba ne. Ya tura kai, ya tura kafaɗa, ya tsaya. Na ɗauka ya maƙale. Sai na ji yana bismilla, ya fitar da numfashi, ya ja jiki da gwiwar hannu kaɗan-kaɗan, yana kaffa-kaffa kada bayansa ya bugi abin. Na shiga ta 'yar hanyar na kamo hannunsa na jawo shi.

Da ya fito haske, gaban rigar nan baƙi ƙirin da tsatsa da man inji, gwiwar hannunsa ta kuje tana jini kaɗan. Ya karɓi hularsa ya kafa, ya dubi direban ya ce da Hausa, "To me kake jira kuma?"

Kawu ya zo ya tsaya a gabansa. Ban fassara komai ba, don ba wanda ya ce komai. Ya kama kan Alhaji da hannu biyu ya haɗa goshinsa da nasa, hanci na taɓa hanci, ya ja numfashi. Alhaji ya sandare, don mu ba mu saba da wannan ba, amma bai janye ba. Da suka rabu na ga idon Kawu ya cika, fuskarsa kuma ta saki a karon farko tun jiya. Shi da kansa ya tura ƙofar kwantenar ya sa sakata. Ni ma abin ya taɓa ni, har na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Motar ta kai a kan lokaci, kwantenar ta hau jirgi. Kafin Kawu ya tafi, Alhaji ya sa na tambaye shi yaushe ne tseren. Da muka lissafa sai ya faɗo a goman ƙarshe na azumi. Alhaji ya ce a gaya masa zai sa yarinyar a addu'a, Allah ya haye da ita lafiya ita da 'yan uwanta. Kawu ya ce ya gode, ya ce zai kira ni in sun isa.

Bai same ni ba, ko da ya kira. Ana shiga azumi aka ƙi sabunta mini biza, na bar wa wani ɗan Kumasi siton na dawo gida a gaggauce. Layin wayata na can ya mutu, lambar Kawu ta tafi da shi. Da na koma bayan shekara biyu Lawban ya sayar da wurin, ba wanda ya san inda zan samu wani tsoho daga Hawai wanda ko sunansa ban iya faɗa ba.

Alhaji ya tsufa yanzu, ya daina tafiya, yaransa ke zuwa Sin. Nakan leƙa shi a shago in na shiga Kwari. Mu gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, sannan ya ce, "Ɗan nan, yarinyar nan kuwa ta haye?"

In ce, "Wallahi Alhaji ban sani ba."

Zuwan da na yi na ƙarshe na ce masa ai yanzu an daɗe, ko ta haye ko ba ta haye ba an wuce wurin, wataƙila ma ta yi 'ya'ya sun girma. Ya ce shi duk bai san wannan ba. Shi dai ya ce zai sa ta a addu'a har ta haye, kuma har yau ba wanda ya zo ya ce masa ta isa gaɓa, don haka bai cire ta ba.